Me ya sa gobara ta fi yawa a lokacin sanyi, alhali wuta zafi take so?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekaranjiya da daddare ɗakin maƙwabciyarmu ya kama da wuta. Alhamdu lillahi ba a yi asarar rai ba, amma ko tsinke ba a fitar ba. Gado, katifa, duk kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata sun zama toka. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Na farko, sanyin da ake yi yanzu har haƙora na haɗuwa, ta yaya a ce a lokacin ne gobara ta fi yawa? Ni a tunanina da bazara ya kamata, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Na biyu, da aka fara ganin hayaƙi wutar ba ta da wani ƙarfi, amma samari na ɓalle ƙofa da taga sai ta tashi da ruri kamar an watsa mata fetur. Har wasu na cewa ba wutar banza ba ce. Masu ilimi a taimaka mana.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar mata da alheri, ya kiyaye na gaba. Hajiya, ki ɗauki wuta kamar tukunya a kan murhu, duwatsu uku take zama a kai: abin da za ta ci, da iska, da zafi. A janye dutse ɗaya, tukunya ta kife. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai nata oksijin, kuma wannan kason wuta ke nema. In ya ragu ya koma wajen kashi 15 ko 16, harshen wuta ya fara mutuwa. Shi ya sa maƙeri ke zuga, ke kuma kike fifita garwashi da mafici. Amma abin da nake so kowa ya fara riƙewa, wanda shi ne mabuɗin tambayoyinki biyu, shi ne wannan: itace da kansa ba ya yin harshen wuta. Fetur ma ruwansa ba ya ci. Tururin da ke fita daga jikinsu ne ke ci.

Ɗan Kasuwa:
Malam, a nan ka ɓatar da ni. Itace ba ya ci da wuta? To da me iyayenmu suka yi girki shekara da shekaru?

Malamin Kimiyya:
Alhaji, gobe da safe ka tsaya kusa da murhu ka zuba ido. Harshen wutar ba a cikin itacen yake ba, a samansa yake rawa. Idan zafi ya taɓa itace, da farko ruwan jikinsa ne ke fita, shi ne wannan kumfar da kake gani a gindin ɗanyen itace tana tsuwa. Bayan ruwan ya ƙare, zafin ya doshi digiri 300 a ma'aunin Salsiyos, sai itacen ya fara rushewa ta ciki yana fitar da wata iska mai kama wuta. Ita ce ke haɗuwa da oksijin ta ba da harshe. Zafin harshen ya koma ya ƙara dafa itacen, ya ƙara fitar da iskar, haka abin ke ta zagayawa har makamashi ya ƙare.

Masu yin gawayi sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Suna tara itace, su kunna, su rufe da ƙasa don iska kada ta shiga sosai. Itacen ya dahu, tururinsa ya fice, a bar baƙin gawayi. Shi ya sa gawayi ke yin ja-wur ba tare da dogon harshe ba, an riga an kore abin da ke yin harshen. Ko ka hura kyandir ka kashe, ka kai ashana cikin farin hayaƙin da ke tashi, ba tare da ka taɓa lagwanin ba, za ka ga wutar ta bi hayaƙin ta koma ta kama. Hayaƙi makamashi ne da bai gama ƙonewa ba.

Ɗan Kasuwa:
To na ji wannan. Batun sanyi fa?

Malamin Kimiyya:
Sanyin da fatarmu ke ji ba komai ba ne a wurin wuta. Tsakanin dare mai digiri 12 da rana mai digiri 40, tazarar ba ta kai 30 ba, ita kuwa wuta ɗaruruwa take lissafi. Abin da ya dame ta shi ne ruwa. Iskar hunturu daga Sahara take zuwa a bushe, laimar iska a Kano ko Damagaram kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Yadda take fasa mana leɓe da kaushi a ƙafa, haka take tsotse ruwan jikin katako, zana, kara, kwali da tufafi. Da damina tartsatsi zai faɗa kan zana, sai ya fara fama da busar da ruwan da ke jikinta, kafin ya gama ya mutu. Da hunturu babu wannan shingen. Ga kuma iska tana kaɗawa, tana yi wa wuta aikin zuga-zugi, tana ɗaukar tartsatsi daga wannan rufi zuwa wancan.

Mai Gyaran Wuta:
Malam ya faɗi rabon yanayi, bari in faɗi rabonmu mu mutane. Lokacin sanyi ne ake jona hita a bokiti, a kunna abin dumama ɗaki, a shigo da kaskon garwashi har gefen gado. Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma abin da na fi tararwa bayan gobara shi ne soket ɗaya an jona masa abu huɗu ko biyar, da siririyar waya mai arha wadda cikinta ba tagulla ba ce tsantsa. Waya in ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar jikinta ta narke. Haka in mahaɗa ta yi sako-sako, nan wurin ne ke ɗaukar zafi yana ƙyasƙyas a cikin silin, ba wanda ya sani. Sai kuma babbar matsalar: an ɗauke wuta ana cikin guga ko dafa ruwa, a manta ba a kashe ba, a kulle ɗaki a fita ko a kwanta. Ƙarfe biyu na dare a kawo wuta. Ruwan bokiti ya ƙafe, hita ta narka robar, shi ke nan.

Maman Biyu:
Innalillahi. Wallahi ita ma maƙwabciyar tawa ta ce ta jona hita da magariba aka ɗauke wuta, ba ta tuna ko ta zare ba.

Kawu Na Ƙauye:
Ni dai ina karanta ku, amma ba komai ne boko ke da amsarsa ba. A garinmu na ga tarin harawa a kan rumfa, ba wayar lantarki ko ɗaya a ƙauyen, ba yaro kusa, ba mai shan taba, da tsakar rana ta kama da kanta. Wa ya kunna ta? Akwai abubuwan da ido ba ya gani. Gobara daga kogi maganinta Allah.

Manomin Gulbi:
Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan kam na taɓa gani da idona a gidanmu, kuma na gano sababinsa. Harawar da aka tara ba ta gama bushewa ba ita ce ke yin haka. Shekarar da ruwan ƙarshe ya daki harawarmu muka yi gaggawar ɗaurewa muka jibge ta, bayan kwanaki na tura hannu tsakiyar tarin, da ƙyar na iya barinsa ciki don zafi. Ga wani wari kamar na taba. Da muka barbaza ta, tsakiyar ta riga ta yi baƙi.

Malamin Kimiyya:
Haka ne. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ɗanyen ganye suna fitar da zafi yayin da suke ci, kamar yadda juji ke yin ɗumi. A tsakiyar babban tari zafin ba shi da hanyar fita. Suna kai shi wajen digiri 70, daga nan su mutu, amma haɗuwar ciyawar da oksijin ta ci gaba da ɗaga shi har ya kai ga kamawa. Tsumman da ya sha wasu nau'o'in mai, aka dunƙule shi aka jefa a lungu, shi ma yana iya haka. Abin mamakin shi ne a nan danshi ne ke jawo wutar.

Kawu Na Ƙauye:
To harawa na yarda, tunda mai gona ya shaida. Amma ban janye maganata duka ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Limamin Unguwa:
Kawu, ba wanda ya musa ƙaddara a nan. Amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne kuma ya koya mana riƙo da sababi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, da aka ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. A wata ruwayar an ambaci ɓera da kan ja lagwanin fitila ya ƙone mutanen gida. Ka ga an ambaci sababi ƙarara, ɓera da lagwani. A zamaninmu hita da kaskon garwashi da maganin sauro na kunnawa sun shiga ƙarƙashin wannan umarni. Gaggawar jingina kowace gobara ga aljanu ko maƙiya tana hana mu duba wayar da ke cikin silin, wani lokaci ma ta haddasa zargi tsakanin maƙwabta da kishiyoyi ba gaira ba dalili.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:
Salamu alaikum. Sai yanzu na ga wannan zance, 'yata ce ta nuna mini. Tambaya ta biyu ta Maman Biyu ba a amsa ta sosai ba, kuma ita ce ta fi damuna, domin na ga abin da take faɗa ba sau ɗaya ba ba sau goma ba.

'Yata, wutar da ke cikin rufaffen ɗaki tana cinye iskar ɗakin ne. In iskar ta yi ƙasa sai ta lafa, harshe ya ragu, daga waje a ga hayaƙi kawai a ɗauka ƙaramar wuta ce. Amma zafin yana nan, katifa da kujera da labule suna ta dahuwa suna cika ɗakin da wannan tururin da Malam ya yi bayani. Duwatsu biyu na murhun suna nan a shirye, na uku kawai ake jira. Samarin nan da suka ɓalle ƙofa da taga, da kyakkyawar niyya suka yi, Allah ya saka musu, amma su suka kawo dutse na uku. Har ma sun buɗe mata hanya biyu, iska ta shiga ta nan hayaƙi ya fita ta can, ɗakin ya koma murhu mai kyau.

Ko ƙofa a buɗe take tun farko, akwai wani mataki da muke tsoro. Hayaƙi mai zafi yana tashi sama ya taru a ƙarƙashin silin, ya yi kauri yana saukowa. Wannan hayaƙin kamar rana yake, yana gasa duk abin da ke ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba. In zafinsa ya kai digiri 500 zuwa 600, komai na ɗakin ya kama a lokaci ɗaya, har abin da ke can kusurwa nesa da inda wutar ta fara. Daga wannan lokaci ba mai fita da rai daga ɗakin. A da, lokacin gadon kara da tabarma da katifar rimi, abin na ɗaukar lokaci. Yanzu ɗakunanmu soso ne da roba da leda da labulen nailan, duk 'ya'yan man fetur ne. Irin wannan ɗaki kan iya kaiwa wannan mataki cikin ƙasa da minti 5.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, to me ake so mutane su yi? Su tsaya suna kallon ɗaki na ci? In akwai yaro a ciki fa? Ni kam ba zan iya tsayawa ina lissafin iska ba.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:
Ba zan ce ki bar yaro ba, ni ma uba ne. In da rai a ciki, ana shiga, amma da ido a buɗe. Ki taɓa ƙofar da bayan hannu, in ta yi zafi ƙwarai, abin da ke bayanta ya fi ƙarfinki, a nemi wata hanya. In za a buɗe, a buɗe ƙofa ɗaya, mai buɗewa ya durƙusa ya raɓe gefe, kada wani ya je ya fasa taga a lokacin. A shiga da rarrafe, domin iskar da za a iya shaƙa tana ƙasa. Ana fito da yaron a ja ƙofar a rufe. Maganata ta fi ƙarfi ne a kan inda aka tabbatar ba kowa a ciki, ana ɓalle ƙofa don a ceci akwati da talabijin. A nan rufaffiyar ƙofa ta fi bokiti ashirin amfani, tana riƙe wutar a ɗaki ɗaya kafin mota ta iso. Kuma a kira mu tun a minti na farko. Sau da yawa sai an gaji da bokiti ake tuna mu, mu iso a ce mun makara.

Ɗan Kasuwa:
Baba, da girmanka, amma a nan zan yi magana. Mu 'yan kasuwa mun sha ganin mota ta iso ba ruwa, ko ruwan ya ƙare cikin minti kaɗan. Ni kaina shagona ya taɓa ƙonewa, ina tsaye ina kallo. Ba duka laifin namu ba ne.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:
Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Ban musa ba, ƙarancin kayan aiki gaskiya ne, mu muka fi kowa jin zafinsa. Mota tana ɗaukar lita 'yan dubbai ne, in aka buɗe mesa da ƙarfi mintoci kaɗan ne ta ƙare, in babu famfon gobara ko tanki a cikin kasuwar sai an koma ɗebowa. Amma ka duba yadda kasuwanninmu suke. Layin da aka bari don mota an kafa masa tebura da rumfuna. Shaguna ɗari silin ɗinsu a haɗe yake, ba bango ko ɗaya da ya kai har kwanon rufi. Wuta in ta shiga wannan sararin tsakanin silin da kwano, gudu take ta sama, mutane na zuba ruwa a shago na uku ita tana shago na goma sha biyar. Ƙofar ƙarfe da kwano kuma suna ɗaukar zafi su miƙa wa kayan da aka jingina musu ta ɗaya gefen. Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka tafi. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairu, ta Katsina a Maris. Ka lura da watannin, duk a cikin rani ne.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan'uwa. Mu nan Nijar ciwon da ba mu manta ba na lakwal ne, wato makaranta. A watan Afrilu na 2021 azuzuwan zana suka kama a wata makaranta a Yamai, yara 20 suka rasu. Ba a rufa shekara ba, a watan Nuwamba, aka sake yi a nan Maraɗi, yara sama da 20, 'yan shekara biyar da shida. Bayanin Malam ya sa na fahimci abin da ya sa ba a samu ceto ba. Zana busasshiya ce, siririya, iska na ratsa ta ta ko'ina, kuma a tsaye take.

Malamin Kimiyya:
Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ka taɓo abu biyu masu muhimmanci. Gungumen itace sai an daɗe ana hura masa, amma a fasa shi ƙirare, nan take ya kama, saboda kowane siriri iska ta kewaye shi kuma ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya dahu. Zana da jinka ƙirare ne tun asali. Tsayuwa kuma, ka kunna ashana ka riƙe kanta sama, a hankali za ta ci. Ka juya kan ƙasa, nan da nan ta iso yatsanka, don zafi sama yake tafiya yana dafa abin da ke gabansa. Shi ya sa labule ya fi kafet haɗari, wutar daji ta fi gudu in tana hawan tudu, kuma mai doguwar riga in ta kama, tsayuwa da gudu su ne mafi muni.

Ma'aikaciyar Jinya:
Daidai, Malam. Wanda tufafinsa suka kama ya faɗi ƙasa ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Bayan nan a zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi na famfo ko na randa har kamar minti 20, sannan asibiti. Don Allah a daina shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko toka, wahala suke ƙara mana wajen wankewa, ga ƙwayoyin cuta. Kada a sa ƙanƙara.

Amma abin da ya kawo ni shi ne hayaƙi. Yawancin waɗanda ke mutuwa a gobarar gida ba ƙuna ce ke kashe su ba. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Jini ya fi son kama ta fiye da oksijin sau sama da 200. Mai barci ba ya farkawa, barcin ne ke ƙara nauyi. Katifar soso in tana ci tana ƙara wata gubar a kai. Kuma ba sai an yi gobara ba. Duk hunturu sai an kawo mana iyalin da suka rufe ƙofa da taga da kaskon garwashi a ciki, ko suka shigar da janareta cikin gida don tsoron ɓarayi. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana ya tashi da ciwon kai da jiri da amai, wasu kuwa sai dai a ɓalle ƙofa da safe.

Mai Ƙosai:
Ni tambayata ta sana'a ce. Man kaskona ya taɓa kamawa, yarinyata ta watsa ruwa, wutar ta yi tsalle har ta lashi rumfa. Ba ruwa ne maganin wuta ba?

Malamin Kimiyya:
Ruwa maganin wutar itace ne da takarda da tufafi, kuma babban magani, don yana shanye zafi sosai. Zafin da ake buƙata a mayar da tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda ake buƙata a kai shi tafasa fiye da sau biyar. Amma man da ya kama da kansa ya haura digiri 300, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, kuma ya fi mai nauyi. Yana shiga sai ya nutse ƙasan kasko ya zama tururi nan take, ya kumbura kusan sau 1,700, ya watso man sama ƙanana-ƙanana, kowane ɗigo ya samu iska ya kama. Inna, ki ajiye faifan ƙarfe ko babban murfi kusa da ke. In ya kama, ki zura murfin a kai, ki janye itacen, ki bar shi ya huce, kada ki ɗaga kaskon. Yashi ma yana yi. Wutar lantarki ita ma ba a zuba mata ruwa sai an kashe daga babban makunni.

Direban Tanka:
Tunda an zo kan mai, ku bar ni in yi magana, don abin yana ci mini rai. Majiya ta Jigawa, Oktoban 2024, mutane sama da 150 suka rasu. Mahaɗar Dikko a jihar Neja, Janairun 2025, sama da 80. Yamai ma an yi a 2019 kusa da filin jirgi. Duk labari ɗaya ne, tanka ta faɗi, jama'a suka zo ɗiba. Na san talauci ne, ban raina kowa ba. Amma mutane suna ɗauka in ba wanda ya kunna ashana a kan man, lafiya lau. Mu da ke wannan aiki mun san ba ruwan fetur ɗin ake tsoro ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya ɓace, kwanciya yake a ƙasa yana bin kwata da gangare kamar ruwa, ido ba ya ganinsa. Yana iya tafiya nesa ya tarar da murhun mai shayi, ko janareta, ko babur da aka tayar, ko bokitin ƙarfe da aka ja a kan kwalta, wutar ta biyo shi a guje ta dawo kan tankar. Mutumin da ke tsaye a cikinsa, rigarsa ta sha mai, ina zai gudu? In kana jin warin fetur da ƙarfi, ka riga ka shiga ciki.

Malamin Kimiyya:
Gaskiya ka faɗa. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, wato babu ranar da ba ya fitarwa a ƙasarmu. Kuma kaɗan ake buƙata, in ya kai kamar kashi ɗaya da rabi zuwa bakwai cikin ɗari na iska, tartsatsi ɗaya ya isa. Kananzir sai ya ɗumama ya kai wajen digiri 38, man dizal sai ya haura 50. Wannan bambancin ne ya sa ake sa kananzir a fitila da risho, kuma shi ya sa kananzir ɗin da aka gauraya da fetur ke fashewa a hannun mata. Jarkar da aka juye fetur aka bar ta "ba komai" cike take da tururi, masu walda da yawa sun jikkata a kan tankin da suka ɗauka fanko ne.

Ɗalibar Jami'a:
Masu sayar da mai a galan a bakin titi, da masu ajiye jarka a ɗaki saboda janareta, ya kamata wannan ya isa gare su. A layinmu akwai gidan da jarkokin ke ƙarƙashin matakala, kusa da kicin.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Yau da safe na sa an sauke abubuwan da ke jone a soket ɗin ɗakin yara, kaskon garwashi kuma ya koma tsakar gida. Saura abu ɗaya, Baba. Tukunyar gas ɗina a cikin kicin take, kicin ɗin kuma taga ɗaya gare shi, can sama kusa da silin. Wani lokaci in na shiga da asuba ina jin ɗan wari.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:
'Yata, wannan kada ki bar shi ya kwana. Gas ɗin girki shi ma ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa, tagar sama ba za ta fitar da shi ba. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake sa masa don hanci ya kama yoyo, saboda haka warin da kike ji saƙo ne. Yanzu ki je ki rufe kan tukunyar. Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakin tukunyar da mahaɗar tiyo ta kowane gefe da jikin tiyon, ki buɗe kaɗan, inda ya yi kumfa nan ne. Kada a gwada da ashana. Tiyon in ya tsage ko ya taurare a canza shi. Duk ranar da kika shiga kika ji warin ya yi ƙarfi, kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, ki buɗe ƙofa, ki fitar da yara, ki bar iska ta ratsa. In da hali a fitar da tukunyar waje cikin inuwa, a huda bango tiyo ya shigo.

Mai Gyaran Wuta:
Hajiya, in firij ɗinki na cikin kicin ɗin, shi ma yana yin ɗan tartsatsi duk lokacin da ya tashi da kansa, kuma a ƙasa injinsa yake. A raba su.

Maman Biyu:
Yana ciki kuwa, dab da tukunyar. Na rufe kan gas ɗin yanzu, na aiki yaro ya kira mai gyara. Na shafa ruwan sabulun, Baba, a daidai inda tiyo ya shiga risho yake kumfa.